Wa ya naɗa Cabernet Sauvignon sarkin inabi?

Ɗanlami:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce ga masana tsirrai da ke cikinmu. Duk inda aka taɓo maganar inabin da ake yin jar giya da shi, sai ka ji an ce Cabernet Sauvignon ne sarki. Rahoton da hukumar inabi ta duniya, OIV, ta fitar a 2017 ya nuna an shuka shi a hekta kusan 341,000, ya fi kowane inabin giya yawa. Merlot da ke bin sa yana da kusan 266,000. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne asalinsa. A 1997 Carole Meredith da John Bowers na jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun wallafa sakamakon gwajin DNA, wanda ya nuna iyayensa su ne Cabernet Franc, mai baƙin ɓawo, da Sauvignon Blanc, wanda farin inabi ne. Kuma babu wanda ya haɗa su da gangan, ana kyautata zaton a ƙarni na 17 abin ya faru da kansa a wata gona a kudu maso yammacin Faransa. To ta yaya ɗan tsintuwa ya hau karaga? Nagartar irin ce, ko ƙasar yankin Bordo na Faransa ce, ko kuwa baki ne kawai na 'yan kasuwa?

Alhaji Tanko:
Wa alaikumus salam. Ɗanlami, giya fa kake magana a kai. Zauren noma muke ko mashaya?

Shugaban zaure:
Alhaji, a yi haƙuri. Hukuncin sha kowa ya san matsayin addininsa a kai, kuma babu wanda ya zo nan don a miƙa masa kofi. Kurangar inabi tsiro ce, tarihinta kuma cike yake da darasin cuta da dashe da kasuwa. A bar tambayar ta tsaya. Wanda ya fara talla zan goge.

Malam Nomau:
Ɗanlami, ni amsata gajera ce kafin in tsawaita: irin ne. Manomi ba ya riƙe tsiro shekara ɗari uku don sunansa ya yi masa daɗi.

Ɗauki ƙwaya ɗaya ta wannan inabi ka duba. Ƙarama ce, ba ta kai rabin wanda ake sayarwa don ci ba. Ɓawonta kauri gare shi, baƙi mai ratsin shuɗi, ciki kuma ga 'ya'ya. In ka matse ta tsakanin yatsu, ruwan da zai fito kusan fari ne. Jan da ake gani a kwalba daga ɓawo yake fitowa, lokacin da aka bar ruwan ya tsimu tare da ɓawon na makonni, yis yana cinye sukari yana mayar da shi barasa. Da yake ƙwayar ƙarama ce, ɓawo ya yi wa ruwa yawa, shi ya sa launi ke da ƙarfi, bauri kuma ke da yawa. Wannan baurin shi ake kira tanin, irin wanda ke kama maka harshe in ganyen shayi ya daɗe a ruwan zafi. Shi ne ke sa abin ya yi shekara ashirin ko talatin a kwalba bai lalace ba.

A gona kuma, kaurin ɓawon na kare shi daga ruɓewa in ruwan sama ya sauka dab da girbi. Sannan yana makarar fitar da toho. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da sanyi mai daskarar da raɓa kan dawo a watan Afirilu ya ƙone tohon da ya yi sammako. Itacensa ma tauri ne da shi. Ka kai shi Chile ya yi, ka kai shi Ostireliya ya yi, ka kai shi Afirka ta Kudu ya yi, kuma duk inda ya je ana gane shi. Akwai irin da in ka canza masa ƙasa sai ya rikice, kamar Pinot Noir, wanda manoma ke kuka da shi. Wannan ba ruwansa.

Anti Laraba:
Malam, da girmanka, ban yarda ba gaba ɗaya. In dai taurin rai ne ke ba da sarauta, akwai irin da suka fi shi jure fari da zafi a Sifen, ba a kuma san sunansu a waje ba. Abin da ya ɗaga Cabernet takarda ce da aka rubuta a 1855.

Sarkin Faransa Napoleon na Uku ne ya nemi a jera giyar Bordo hawa-hawa saboda baje kolin duniya da za a yi a Paris a shekarar. Waɗanda suka yi jerin dillalai ne, kuma da farashi suka auna, ba da ɗanɗano ba. Suka yi hawa biyar, suka sa gidaje huɗu a sama: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Tun daga nan babban canjin da aka yi shi ne ɗaga Mouton Rothschild zuwa hawa na farko a 1973. Shi ke nan. Da yake kusan duk gidajen nan a yankin Medok na Bordo suke, inda Cabernet ya zama ginshiƙi, duk mai kuɗin da ya so ya kwaikwayi Bordo a wata ƙasa sai ya nemo wannan irin. Ba kurangar yake so ba, sunan yake so.

Malam Nomau:
To 'yar'uwa, me ya sa farashin waɗancan gidaje ya yi tsada tun kafin 1855? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Anti Laraba:
Saboda Turawan Ingila sun daɗe suna saye, Malam. Bordo tashar jirgin ruwa ce. Wanda ke bakin ruwa shi ake fara sani.

Injiniya Bala:
Ku biyun kun tsallake ƙasa. Medok da ake ta magana fadama ce a da, ruwa ke kwanciya a cikinta. Injiniyoyin Holan ne suka zo a ƙarni na 17 suka haƙa magudanai suka tsane ta, sai tudun tsakuwa suka bayyana. Wannan tsakuwar ita ce sirrin. Ba ta riƙe ruwa, saiwa sai ta nutsa ƙasa neman abin sha, da rana kuma duwatsun na ɗaukar zafi su sake shi da dare. Inabin da ke makarar nuna irin wannan yana buƙatar kowane ɗan ɗumi da zai samu kafin sanyi ya shigo a Oktoba.

Ƙetara kogin da ya ratsa yankin Bordo zuwa ɗaya gefen, wajen Pomerol da Saint-Emilion, ƙasar yumɓu ce mai sanyi mai riƙe ruwa. A can Cabernet Sauvignon ba ya nuna da kyau, Merlot ke mulki. Petrus, wanda yana cikin mafi tsada a duniya, da Merlot ake yin sa, kuma babu shi a jerin 1855 ɗin da Anti ke magana. Tazarar gefen biyu ba ta kai tafiyar yini ba a mota, amma sarkin naku baƙo ne a can.

Ɗanlami:
Injiniya, kana nufin ko a Bordo ba shi ne ya fi yawa ba?

Injiniya Bala:
Ko kusa. Merlot ya fi rabin jan inabin Bordo. Kuma da wuya ka samu gidan Medok da ke yin Cabernet zalla, gauraya shi suke yi da Merlot da Cabernet Franc, wani lokaci da ɗan Petit Verdot. Dalili biyu ne. Na farko shi kaɗai bauri ya yi masa yawa, Merlot ke tausasa shi. Na biyu inshora ce: in shekara ta ɓaci wa mai makara, mai sammako ya tsira, in sanyin Afirilu ya kashe mai sammako, mai makara ya tsira.

Malam Nomau:
Gyara kaɗan, Injiniya. Ka ce tsakuwa ce sirri. Je ka Coonawarra a Ostireliya, jar ƙasa ce a kan farar ƙasa mai alli, babu tsakuwar Medok, kuma Cabernet ɗinsu sananne ne. Ningxia a Sin bakin hamada ce, sanyinta sai an binne kurangar a ƙasa duk hunturu sannan a tono ta. Nan ma ya kama. Abin da yake so kawai kada ruwa ya kwanta masa a saiwa, kuma ya samu dogon lokacin rana. Wannan ya dawo da mu kan maganata.

Dakta Jummai:
Ni abin da ya fi burge ni a tambayar Ɗanlami bai samu mai taɓawa ba. In ka shuka ƙwallon Cabernet, abin da zai tsiro ba Cabernet ba ne, wani sabon abu ne daban. Da yankan reshe ake yaɗa inabi. Ma'ana duk hekta 341,000 ɗin nan, daga Faransa zuwa Chile, rassan tsiro ɗaya ne tak da wani manomi ya gani a gonarsa ya ƙi tugewa. Ba a san sunansa ba. Ya ga kurangar ta yi masa, ya yanki reshe ya dasa, maƙwabci ya roƙa ya ba shi.

Kuma gadon iyayen yana nan a jikinsa. Akwai wani sinadari da ake kira pirazin, shi ke ba koren tattasai warinsa. Cabernet Franc na da shi, Sauvignon Blanc na da shi, ɗan ma ya gada. Hancin mutum na jin sa ko da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba. In inabin bai nuna sosai ba, ko ganye ya rufe shi daga rana, sai giyar ta fito da warin ɗanyen ganye. Shi ya sa za ka ga ma'aikata na bin layi suna tsinke ganyen da ke kusa da 'ya'yan, don haske ya shiga. To Malam Nomau, ba ko'ina yake yi ba. A wuri mai sanyi yakan tona wa manomi asiri.

Malam Nomau:
Na ce yana yi a wurare da yawa, Dakta, ban ce yana yi a kan ƙanƙara ba.

Anti Laraba:
Bari in kawo hujjata ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi. Ranar 24 ga Mayu, 1976, wani Bature ɗan Ingila mai shagon giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa tara, manya a sana'ar. Aka zuba musu ba tare da sun ga kwalba ba. A ɓangaren ja akwai guda goma, shida na Kalifoniya, huɗu na Bordo, ciki har da Mouton da Haut-Brion na 1970. Da aka tara maki, Cabernet na Stag's Leap na 1973 daga kwarin Napa na Kalifoniya ya zo na ɗaya. Kurangun da aka yi shi da su ba su wuce shekara uku da dasawa ba. Ɗaya daga alƙalan, Odette Kahn, har ta nemi a mayar mata da takardarta. Ɗan jarida ɗaya ne ya halarta, George Taber na mujallar Time, kuma ɗan rahoton da ya rubuta shi ya canza darajar gonakin Napa.

Ku lura. Ranar 23 ga Mayu da ranar 25, abin da ke cikin kwalbar bai canza ba. Labari ne ya canza.

Injiniya Bala:
Anti, wannan labarin ya fi cutar da ni fiye da Malam, na sani. Amma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai rabin maki ba cikin ashirin. Da an sake zubawa washegari, jerin na iya juyawa. Kuma Faransawa sun ce nasu ba a yi shi don a sha yana ɗanye ba, a jira ya tsufa.

Anti Laraba:
An jira. A 2006 an sake gwada waɗannan kwalabe bayan shekara talatin, na Kalifoniya suka kwashe biyar ɗin farko, Ridge Monte Bello na 1971 a gaba.

Malam Nomau:
Madalla. Na gode da kika gama mini aiki. An ɗauki iri daga Faransa, an kai shi wata nahiya mai wata ƙasa da wani yanayi, alƙalan da ba su ga suna ba suka zaɓe shi. Babu tsakuwar Injiniya, babu takardar 1855. Me ya rage in ba irin ba?

Anti Laraba:
Ya rage dalilin da ya sa mutanen Napa suka shuka shi tun farko, Malam. Bordo suke kwaikwayo. Da Bordo da wani iri ta yi suna, shi za su shuka, su zuba masa kuɗi da gangunan itacen oak masu lita 225, su bar shi ciki shekara ɗaya da rabi ko biyu, kuma da shi za a kira sarki yau. Akwai kuma abin da Amurkawa suka ƙara: rubuta sunan inabin ɓaro-ɓaro a jikin kwalba. Bafaranshe sunan gari ko gida yake rubutawa, sai ka sani kafin ka gane. Ba'amurke ya rubuta Cabernet Sauvignon, mai saye ya haddace kalma biyu ya huta. Kuma dokarsu kashi 75 kawai take nema ya zama irin da aka rubuta, ta Tarayyar Turai kashi 85.

Ɗanlami:
Wato ko mai suna Cabernet ɗin ma ba lalle zalla ba ne.

Alhaji Tanko:
Tunda an ƙi rufe zancen, bari in yi tambaya mai amfani. Na ji ana cewa wannan jar giyar maganin zuciya ce, har likitoci na ba da shawara. Dakta, gaskiya ne ko 'yan giya ne ke neman mafaka?

Dakta Jummai:
Alhaji, zancen ya samo asali ne daga wani shirin talabijin na Amurka, 60 Minutes, a 1991. An nuna cewa Faransawa na cin mai da yawa amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, aka danganta da jar giya. Ciniki ya tashi nan take. Daga baya aka gano ramuka a irin waɗannan bincike. Babban cikinsu: rukunin da ake kira marasa sha ya haɗa da mutanen da suka daina sha saboda sun riga sun kamu da ciwo, sai ya zama kamar masu shan kaɗan sun fi su lafiya. Ga kuma bambancin arziki da abinci da samun asibiti.

Sinadarin resberatrol da ake ta ambato yana cikin ɓawon inabi, gaskiya ne, amma abin da ke cikin kofi bai taka kara ya karya ba, kuma wanda ya ci inabin da ɓawonsa ya samu ba tare da barasa ba. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji. A Janairun 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin sha da za a ce ba shi da illa. Cabernet na zamani barasarsa kan kai kashi 13 zuwa 15, ba wasa ba ne.

Wani abin a kula: kwalbar da aka rubuta an cire mata barasa, giya ce aka yi sannan aka janye barasar, kuma tana iya riƙe har kashi 0.5. Ba ɗaya take da ruwan inabin da ba a taɓa tsimawa ba.

Alhaji Tanko:
To alhamdulillahi, yau zauren ya biya ni.

Injiniya Bala:
Malam Nomau, ina da abin da zai ɗan rage maka ƙarfi. Wannan irin da kake yabo da tauri, a yawancin duniya ba da ƙafarsa yake tsaye ba. A shekarun 1860 wani ƙwaro ɗan mitsitsi, filoksera, ya shigo Faransa daga Arewacin Amurka a jikin kurangun da aka kawo. Saiwa yake tsotsa har tsiron ya mutu. Ya cinye gonakin Turai, Cabernet bai tsira ba. An gwada guba, an gwada cika gona da ruwa. Abin da ya yi aiki shi ne aure: a samo gindin inabin Amurka wanda ya saba da ƙwaron, a aura masa reshen na Turai a kai. Har yau haka ake yi. Je ka gonar Lafite ka duba gindin kuranga dab da ƙasa, za ka ga kumburin wurin haɗin. Sama Bafaranshe, ƙasa Ba'amurke.

Malam Nomau:
Wannan ba laifin Cabernet ba ne shi kaɗai, duk dangin inabin Turai ne. Kuma tunda ka kawo, ka cika. Napa ma ta sha kashi a shekarun 1980, da gindin da suka dogara da shi, AxR1, ya gaza, aka tuge gonaki aka sake dashe. Da aka zo sake dashen, me mafi yawansu suka zaɓa? Cabernet. Mutumin da ya yi asara ba ya zaɓen iri don ado.

In kana son rauninsa na gaskiya, ni zan faɗa maka: farar fumfuna na kama ganyensa, kuma cututtukan da ke shiga ta wurin yankan reshe suna cin kututturensa daga ciki, ka ga kuranga lafiya bana, baɗi rabinta ya bushe.

Ɗanlami:
Malam, na ga an ce Chile ba ta yi wannan auren ba.

Malam Nomau:
Haka ne, ɗana. An kai musu rassa daga Bordo a tsakiyar ƙarni na 19, kafin annobar. Hamadar Atakama a arewa, duwatsun Andes a gabas, teku a yamma, ƙwaron bai samu hanya ba. Akwai tsofaffin gonaki a can da ke kan saiwarsu ta asali. Har wani abin dariya ya faru. Wani iri mai suna Carmenere, wanda aka ɗauka ya kusa ɓacewa a Bordo, ashe yana Chile ana noma shi ana sayarwa da sunan Merlot. Sai a 1994 wani masani Bafaranshe, Jean-Michel Boursiquot, ya kalli ganyen ya ce wannan ba Merlot ba ne. Carmenere ɗin ma, da Merlot ɗin kansa, 'ya'yan Cabernet Franc ne. Uba ɗaya, uwa daban-daban.

Anti Laraba:
Fiye da shekara ɗari ana sayar da abu da sunan wani, masu saye na yabo, babu wanda ya ji bambanci a baki. Malam, ka sake ba ni hujja.

Dakta Jummai:
Masu gonar sun ji, Anti. Sun lura wasu kurangun na makarar nuna, sai suka ɗauka wani nau'i ne na Merlot. Ido ya gani, suna ne ya rufe.

Injiniya Bala:
Duk wannan gardamar ta jiya ce. Zafi na ƙaruwa a Bordo, girbi na matsowa gaba, sukari na hawa, barasa na binsa. Merlot mai sammako ne ya fi shiga uku, don yana nuna a tsakiyar zafi. A 2021 hukumar da ke kula da dokokin yankin ta amince a gwada sabbin iri shida, huɗu ja biyu fari, bisa sharaɗin kada su wuce kashi 5 na gona da kashi 10 na abin da ke kwalba. Ga kuma masu shan jar giya na raguwa a Faransa, har gwamnati ta shiga biyan manoman Bordo su tuge dubban hekta tun 2023. Ba manyan gidajen 1855 ke tugewa ba, ƙananan manoma ne.

Ɗanlami:
Waɗanne ne jajayen huɗu?

Injiniya Bala:
Touriga Nacional daga Fotugal, Castets wanda tsohon irin yankin ne, sai Marselan da Arinarnoa.

Malam Nomau:
Injiniya, faɗa wa zaure iyayen na biyun ƙarshe.

Injiniya Bala:
Na san inda ka dosa. Marselan haɗin Cabernet Sauvignon ne da Grenache, an yi shi a 1961. Arinarnoa kuma Tannat da Cabernet Sauvignon.

Malam Nomau:
To Anti, masu binciken da suka zaɓe shi ya zama uba ba kwalba suke sayarwa ba.

Anti Laraba:
Amma suna son abin da suka haɗa ya samu mai saye, Malam. Marselan ya fi shekara ashirin a ajiye kafin a ba shi izinin shiga kasuwa, don a lokacin 'ya'yansa sun yi ƙanana, ana neman mai yawan ruwa. Irin bai canza ba, kasuwa ce ta juyo ta same shi.

Shugaban zaure:
Dare ya yi. Ɗanlami, maganar auren reshe da gindin kuranga ta cancanci zarenta daban, ka buɗe gobe, Malam Nomau ya yi mana bayanin yadda ake yanka da ɗaurewa.